Ƙanena da Garinsa Hamamatsu

Litinin, 4 ga Nuwamba, 2024

Zaharaddin ya iso Dutsin-Ma. Shekara bakwai rabona da ƙanen nawa, tun da ya tafi Japan karatun injiniya ya zarce da aiki. Ko Baba da ya rasu bai zo ba, wai an rufe iyakoki saboda korona. To, da aka buɗe fa? Ya shigo garejina yana sunkuyar da kai yana cewa Yaya, Yaya. Na amsa, na ci gaba da kwance injin ban-ruwan da ke gabana.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Hamamatsu. Na ji sunan garin nan yau ya fi sau hamsin. Mutane sun cika garejin suna saurarensa, aikina ya tsaya. Wai gari ne na masana'antu a bakin teku, tsakanin Tokyo da Osaka. Can ake ƙera babura da sassan mota da piyano. Wai da sanyi iska kan kaɗa kamar za ta ture mai keke. Akwai 'yan Brazil birjik, da shagunansu da abincinsu. Jirgin ƙasa in ya makara minti biyu sai an ba da haƙuri. Alhaji Rabo mai hatsi har ya saki baki. Ni kuwa manoma huɗu na jirana, tumatirinsu na neman ruwa.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Na dawo daga masallaci na tarar ya jera mini sifanu a bango, kowace da ƙusarta, daga ƙarama zuwa babba. Wai haka suke yi a can. Na ce shekara ashirin ina gane kayana a inda na zubar da su. Na kwashe duka na watsa cikin akwati. Ya koma ya zauna abinsa, wannan ya fi ba ni haushi.

Litinin, 11 ga Nuwamba

Ya bi ni dam ɗin Zobe gyaran injin Malam Sabitu. Masunta suka kewaye shi, ya hau ba su labarin tafkin garinsu, inda ake kiwon wani dogon kifi mai kama da maciji, a gasa a ɗora kan shinkafa. Garinsu! Da kunnena na ji ya ce "a garinmu". Sannan wai mutanen can suna da wata kalma, yaramaika, ma'ana a gwada kawai a gani, ba sa son dogon zance. Na ce mu nan me muke yi, da muke tayar da injin da kamfanin da ya ƙera shi ma ya manta da shi? Aka yi dariya. Shi ma ya yi. Ni ban yi ba.

Amma dai shi ya gano inda bututun ke shan iska. Da na gano ni ma.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Kan hanyar Kurfi, za mu gaida Inno mahaifiyarmu, ya ce in tsayar da mashin. Ashe abin da ya kawo shi ke nan. Ba a babban kamfani yake ba kamar yadda muke ta faɗa wa mutane. Wata 'yar masana'anta ce a bayan gida, su shida, suna sassaƙa ƙaramin ƙarfe ɗaya da ake sa wa injin babur. Maigidan tsoho ne, ya haura saba'in, 'ya'yansa sun tafi Tokyo ba mai son aikin. Ya ce irin wuraren nan suna ta rufewa a garin don ba magaji. Tsohon yana so ya bar masa wurin, shi kuma har ya karɓa.

Na ce garejin Baba fa, da ya ce namu ne mu biyu?

Ya ce, "Yaya, garejin Baba yana da kai. Wancan ba shi da kowa."

Kuma wai ni zan gaya wa Inno, don maganata take ji. Ni! Na tayar da mashin, muka wuce.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Inno tana ta gyara ɗakin da ta ce na amaryarsa ne in ya dawo. Kaina na ciwo.

Talata, 19 ga Nuwamba

Yau na fashe. A gaban Kulu matata na ce ya sayar da mu, ya bar ni na ɗauki makarar Baba ba ɗan'uwa a gefena. Sai da na gama ya yi magana. Ya ce ranar da na kira shi da rasuwar yana tsaye gaban injin. Tsohon maigidan nasa ya dubi fuskarsa, ya kashe wutar wurin gaba ɗaya alhali ana jiran kaya, abin da bai taɓa yi ba. Ya sa shi a mota ya kai shi masallacin da baƙi ke salla, ya tsaya a waje cikin iskar nan har ya fito. Kwana uku matar tsohon tana kawo masa shinkafa da kifi, ta tambayo abin da Musulmi ba ya ci.

Ya ce, "Ba su iya ta'aziyya da baki ba. Zama kawai suka yi da ni."

Ban taɓa tambayarsa yadda ya yi ranar ba. Shekara huɗu. Duk da haka ya kamata ya zo daga baya, na gaya masa, ya ce gaskiya ne.

Juma'a, 22 ga Nuwamba

Na je Kurfi ni kaɗai na gaya wa Inno. Ta yi kuka, ta ce ni ma na goyi bayansa ke nan? Na ce ban goyi bayan kowa ba, labari na kawo. Sai na ji bakina yana ba ta labarin tsohon da masallacin. Da na gama ta ce Zaharaddin ya zo gobe ta sa masa albarka, amma duk shekara sai ta ga ƙafarsa.

Da zan dawo na tsaya wurin mai huluna na sayi ɗaya, mai aikin hannu. Ban san girman kan tsohon ba, na gwada da nawa.

Ba wai na huce ba ne.