Guntuwar Takardar da Ka Maido Mini

Zuwa ga Yaya Bulus, a Lakwaja.

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Ina fata kana lafiya, kai da Yaya Hannatu da mutanen gida duka, da 'yata Rahila da ke hannunku. Ni ina nan Gumel, ina aikin tafinta a ofishin Joji, Baturen mulki. Jiki dai lafiya.

Saƙonka ya iso ran Litinin da hantsi. Na yage ambulan, na zazzage shi sau biyu, har na leƙa ciki. Babu wasiƙa, babu ko gaisuwa. Guntuwar takarda ce guda mai faɗin tafin hannu, rubutun da ke kanta kuwa nawa ne. Abin da ka ƙara kawai jan layi ne a ƙarƙashin kalmomi uku: ba shi yiwuwa.

Kwana tara ina juya ta kafin in iya ɗaukar alƙalami.

Na gane ta tun kafin in karanta. Daga akwatin ƙarfen nan ta fito, na ɗakin da muka yi shekara shida muna taya Mai Tabarau, Baturen mishan, juya Linjila daga Helenanci zuwa Hausa. Ni na kawo tsarin. Kowace kalma mai wuya a yanka mata takardarta, a rubuta duk wuraren da ta fito, ba za a tsayar mata da Hausa ba sai an duba su kaf. Kana yi mini dariya kana cewa, "Kai Haruna, da kai ke rabon tuwo, da sai ka auna kowace loma."

Wannan takarda ta *adunaton* ce. Ka tuna kwana ukun da muka yi a kanta. Mun zo wurin da aka yi maganar wanda ya ga haske, ya ɗanɗana, sa'an nan ya juya baya, aka ce sake kawo shi ga tuba *adunaton* ne. Kai ka ce a rubuta "da wuya". Ka ce, "Wata rana wani zai karanta wannan yana kuka, ka bar masa 'yar ƙofa." Ni kuwa na tashi na buɗe akwati. Na nuna maka sau huɗu kalmar ta fito a wannan wasiƙa ta cikin Linjila, ɗaya daga ciki a kan Allah ne da yin ƙarya. Na ce, to, mu rubuta da wuya Allah ya yi ƙarya? Mai Tabarau ya buga tebur, ya ce Malam Haruna ya gama magana. Littafina na waccan shekara yana nan wurina. Na duba abin da na rubuta a ranar: "Yau na kayar da Yaya." Har da ado na yi wa rubutun.

A cikin kwana taran nan na bi sauran kalmomin ɗaya bayan ɗaya, ko zan tarar ka ɗauko takardar da ba ita ba. Akwai *anendekton*, sau ɗaya tak ta fito, inda aka ce sanadin tuntuɓe ba makawa sai ya zo. Akwai *uk endeketai*, abin da bai dace ya faru ba, wanda hankali ba ya karɓa. Waɗannan biyu maganar dacewa suke yi. *Adunaton* kuwa tushenta iko ne, rashin iko take nufi, abin da babu ƙarfin da zai iya shi. Ba ka yi kuskure ba, ni ma ban yi ba. Da za a sake zaunar da ni a kan teburin nan, abin da na rubuta zan sake rubutawa. Wannan ya fi kome ci mini rai.

Amma Yaya, ban tambaye ka fassara ba.

Igiya ɗaya sojoji suka kwance mu daga ita a bakin Kwara, ranar da suka tare masu cinikin bayi. Kai ka goya ni zuwa gidan mishan, ƙafata ta kumbura da kurkunu. Da aka tura mu makarantar Ikko, kai ka tare mini 'yan birni masu yi mini ba'a da sunan ɗan Gambari, wato Bahaushe. Ranar da matata Saratu ta rasu ta bar mini jaririya, kai ka raɗa mata suna.

Da wani bafatake mai kanwa ya tsaya yana kallon tsagar fuskata a kasuwa, ya ce akwai wata makauniya a ƙasar Sule Tankarkar da har yau take tambayar ayari labarin ɗanta, kai ka fara ɗaura mini kaya. Ka ce, "Tafi, 'yarka 'yata ce. Wata uku ba shekara ba ne."

Na same ta, Yaya. Ta shafa kumatuna da yatsu, ta ƙirga tsagar, ta sake ƙirgawa. Abin da ta ce kawai, "Haruna, ka girma ba da izinina ba."

Da azahar ta yi, 'yan'uwana suka shimfiɗa tabarma a gindin aduwa suka yi sahu. Suka bar gurbin mutum ɗaya a tsakiya. Ba wanda ya kira ni, ba wanda ya waiwayo. Na daɗe a tsaye, sa'an nan na ɗauki buta. Tun ranar ban fita daga sahun ba. Ko imani ne ya shigar da ni, ko kunyar uwa, ko gajiya da zama bare, na cika shafi da yawa ina tambayar kaina, har yanzu amsar takan canja.

Da na so, da na ɓoye maka. Wa zai kai maka labarin Sule Tankarkar a Lakwaja? Na rubuta maka da hannuna, don ban taɓa ɓoye maka ko ɓarin tawada ba. A ƙarshen wasiƙar na roƙi abu ɗaya: a haɗa Rahila da ƙanen Yaya Hannatu mai aikin jirgin ƙasa, ya kawo ta Kano, in je in ɗauko ta, kakarta ta taɓa fuskarta kafin ta cika. Rani ɗaya na ce.

Wataƙila kana tsoron ba zan maido ta ba. Kana da hujja. Na ce wata uku, ga shi shekara biyu. Wataƙila kana tsoron za a sake mata suna, a sa ta a wani sahun. Wannan ma ba zan iya rantse maka ba, ni da ban san kaina ba. Da haka ka rubuta, ko da zagi, da na sunkuyar da kai na karɓa, don maganarka ce.

Amma ba ka yi magana ba. Ka je ɗakin nan, ka sauko da akwatin. Na san murfinsa, ba ya buɗuwa sai an sa wuƙa an ɓamɓare. Ka bi takardun da yatsa har ka kai wurin. Ka nemi jar tawada, wadda ba a ajiye ta a ɗakin. Ka jira ta bushe. A kowane mataki kana da lokacin fasawa. Kai da ka roƙa wa baƙon da ba ka sani ba 'yar ƙofa, da mai kukan ya zama ni, sai ka ɗauko hannuna ka rufe ta da shi.

Ran Alhamis na raka Joji kasuwar Maigatari. Na ga Buzaye suna gurfanar da raƙuma, sai na tuna akwai rubutu a bayan takardar. Da na dawo na juya ta. Wurin maganar raƙumi da kafar allura ne, inda kalmar nan dai aka jingina ta ga mutane, aka ware Allah. Ban sani ba ko ka juya ta kafin ka rufe ambulan. Ba don in ci gardama na kawo wannan ba. Na ci ɗaya a rayuwata, ga abin da ta haifa mini.

A ce hukuncin ya hau kaina, na ji. Tsakanina da Ubangiji ne, zan je in tarar. Amma na karanta wurin maganar tubar nan ya fi sau ɗari, ban ga sunan yarinya mai shekara tara a ciki ba, ban ga na tsohuwar da ba ta gani ba.

Inna ta daina tashi tun farkon damina. Duk Jumma'a nakan hau doki in je. Ba ta tambayata yaushe za a kawo yarinyar, ta daina. Sai ta ce in nuna mata inda jikarta ta kai. In kama hannunta in ɗora a ƙuguna, inda kan Rahila ya tsaya ranar da na yi muku sallama. Ta ce, "Har yanzu nan? Ba sa ba ta abinci ne?" Sai ta yi dariya, ni ma in yi.

Yayana, na san Rahila ta wuce nan. Kai kaɗai ka san inda ta kai. In ba za ka aiko ta ba, ka tsayar da ita jikin bango, ka yanko zare daidai tsayinta, ka sa a ambulan. Ba sai ka rubuta kome ba. Ka dai hanzarta.

Allah ya raya Rahila, ya saka wa Yaya Hannatu da alheri a kan renonta. Allah ya ba Inna kwana har zaren ya iso. Kai kuma, Allah ya sa ranar da za ka nemi ƙofa ka tarar da ita a buɗe. Amin.

Ni ne ƙanenka,
Haruna, Gumel.