A Dawo Mana da Littafinmu, Mu Ga Abin da ke Cikin Kwandon Talatu

Zuwa ga Hajiya Shugabar cibiyar da ke kula da ajin karatun manyan mata na Kwamba, Suleja.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da iyali da ma'aikatanki baki ɗaya, ina yi miki sannu da aiki. Sunana Hajara, amma a Kwamba in ba ki ce Mai Masa ba, babu wanda zai nuna miki gidana. Na haura shekara hamsin, kuma ina cikin mata goma sha shida da ke zama a ajinku Talata da Alhamis bayan La'asar. Na rubuto a fili ne saboda sau biyu ina zuwa ofishinki ana ce mini kina taro, ni kuwa ƙullun masa ba ya jiran a tashi daga taro.

Godiya zan fara yi, don ban iya butulci ba. Ranar da na shiga ajin nan, yadda nake riƙe cokalin juya masa haka na riƙe fensir. Yau ga shi ina rubuto miki wasiƙa. Kwana tara na yi a kanta, na ɓata takarda ta fi goma, amma hannuna ne, ba na aro ba. Allah ya saka muku da alheri, ke da malamarmu, Malama Rifkatu.

Yanzu ga kukana, ranki ya daɗe.

Na farko. Bayan mun iya haɗa baƙi, Malama ta raba mana wani littafin labari mai koren bango, kowa da nata. Labarin wata mata ce, Talatu, wadda mijinta ya rasu ya bar mata gona. Maƙwabcinta ya yi ta cin iyakar gonar kaɗan-kaɗan, har ya tumɓuke dutsen da ke kan iyaka ya jefar. Ta kai ƙara, ba a saurare ta ba. Ana nan gobara ta cinye rumbunsa ƙurmus. Babi na tara ya ƙare ne Talatu na tsaye a ƙofar gidansa, ɗauke da kwando an rufe shi da faifai. A nan muka tsaya ranar Alhamis. Ranar Talata muka zo kowa na ɗoki, sai ga ma'aikacinku da buhu, ya tattara littattafan duka goma sha shida ya ɗora a babur. Ya ce umarni ne daga sama: mun iya rubuta suna, mun iya karanta allon kanti, wa'adinmu ya cika, littafi zai koma sito, mu kuma mu shirya ankon bikin karɓar satifiket. Babi biyu kacal suka rage, Hajiya. Ko a rumfata ba na ɗauke wa mutum kwano yana tsakiyar ci.

Na biyu. Tun ranar aji ya rabu gida biyu, kuma alhakin wannan rigima yana wuyanku. Ni ina cewa dawa ce a kwandon. Mama Ngozi, mai kantin kayan miya a layinmu, wadda ta fi shekara ashirin a Suleja tana jin Hausa kamar jakin Kano amma sai yanzu take koyon karanta ta, ta rantse dutsen iyakar ne Talatu ta tsinto, za ta dire masa a gabansa. Kada ki ɗauka musun banza muke yi. Malama ta hana mu cewa kawai haka muke ji. Duk wadda ta faɗi magana sai ta nuna hujjarta a cikin littafi. Hujjata ita ce tun a babi na uku Talatu ta ba ɗan maƙwabcin nan fura alhali tana fushi da ubansa. Hujjar Mama Ngozi ita ce marubucin ya ce Talatu na tafiya wuyanta na sagewa, kuma a ganinta mace manomiya ba ta sagewa da kwandon dawa. Wallahi hujjarta ta ɗan tsorata ni, amma ban nuna mata ba. Yanzu kullum ta zo sayen masa sai ta tsaya muna yi, har masu jira su fara tsaki. Jiya na ƙona tanda guda a kan Talatu.

Na uku, wanda ya fi damuna. An ce mana littafin labari ba na tsofaffi ba ne, abin da muke bukata shi ne sa hannu da karanta takardar asibiti. Bari in ba ki labari ɗaya. Ɗana Sani yana aikin walda a Fatakwal. Da can in ya turo saƙo a waya, sai na nemi mai karanta mini, a karanta kuma a ce lafiya yake, shi ke nan. Kwanakin baya ya turo, na zauna na karanta da kaina. A saƙo mai layi huɗu ya rubuta lafiya lau sau uku, bai tsokane ni ba kamar yadda ya saba, bai kuma tambayi ko akuyata ta haihu ba. Sai na tuna abin da Malama ta koya mana a kan Talatu: a duba abin da mutum ya maimaita, a duba kuma abin da ya ƙi faɗa. Na kira shi na ce ya gaya mini gaskiya. Ashe kwanansa biyar a kwance da zazzaɓi, yana ɓoye mini. Na sa aka nemo ɗan garinmu da ke can ya kai shi asibiti, yanzu alhamdu lillahi ya miƙe. Allon kanti bai koya mini wannan ba, Hajiya. A littafin da kuka kulle na koya.

Na huɗu. Kowacenmu tana da ɗan littafin da take tara sababbin kalmomi. Nawa ya kusa cika, har da waɗanda nake kwafowa a bayan manyan motoci in na je Gauraka wurin ƙanwata. Kalmar da na fi so ita ce dattako. Na daɗe ina jin ta, sai a aji na san faɗinta da tsawonta. To amma karatu kamar tanda ne, in an daina ɗora ta a wuta sai ta fara kama masa. Mako uku ke nan ba mu da abin karantawa sai kwalin ashana da takardar kuɗin wutar lantarki. Biyu daga cikinmu sun riga sun fara in-ina a kan kalmomin da a da suke wucewa a guje. Ina tsoron ranar bikin nan a miƙa mana satifiket mu kasa karanta abin da ke jikinsa, ga anko, ga hoto, ga kunya.

Don haka ina roƙon abu uku. A dawo mana da littattafan nan goma sha shida, ko da aro ne na wata ɗaya. Za mu sa musu riga da takardar siminti, kuma na ɗauki alkawarin nawa ba zai ga man gyaɗa ba. A bar mana Malama Rifkatu ko da ranar Alhamis kaɗai, mu ci gaba da sa'ar karatu da muhawara bayan an yaye mu. Sannan in akwai wasu littattafan a siton, a fito da su su sha iska, kada gara ta riga mu sauke su.

Kada ki ce mu je mu tambayi Malama ƙarshen labarin. Mun je gidanta gaisuwa ni da Mama Ngozi, ta ga yadda abin ya dame mu, ta ce bari ta faɗa mana mu huta. Na toshe kunnuwana da hannu biyu, Mama Ngozi kuwa har ta kai ƙofa. Shekara hamsin ana gaya mini abin da takarda ta ce, ina cewa to. Wannan karon gani nake so ya kori ji. In dawa ce, in gani da idona. In ma dutse ne, in gani da idona, in je har kanti in ba Mama Ngozi haƙuri da masa mai zafi.

Allah ya ƙara miki lafiya da basira, ya raya miki zuri'a, ya sa aikin da kike yi wa mata ya zame miki haske duniya da lahira. Allah kuma ya sa mabuɗin siton nan bai ɓata ba.

Wassalam.

Taki mai biyayya,
Hajara Mai Masa,
Kwamba, Suleja.