Rumbun da Ka Liƙe

Garin Mai Nasara, ƙasar Urafan,
Laraba, 19 ga watan azumin tsofaffi, 1985.

Zuwa ga ƙanena Abdussalamu, a Arlit.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da duk 'yan garinmu da kuke zaune tare. Yaya aiki, yaya baƙunta, yaya zafin wurin naku? Allah Ya ba da abin da aka fita nema, Ya maido ku gida lafiya. Nan Inna tana nan da sauƙi, sai gwiwar nan tata da ba ta barinta tsayuwar salla. Matata Mariyama da yarana suna lafiya gwargwado. Rijiyar gari ta ja ƙasa har mun ƙara wa guga igiya gaba uku, jakina kuwa ya mutu tun watan jiya, amalanken na nan jingine. Wannan duk labarin kowa ne a bana. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami maganar ɗiyarka Habsatu ce, da rumbun lakar da ka liƙe kafin ka tafi. Ka nemi wuri ka zauna. Zan faɗa maka daki-daki kamar yadda ya faru, don in na soma daga ƙarshe ba za ka karanta sauran ba.

Wata guda bayan tafiyarka kwamanda mai mulkin Tasawa ya aiko mutane biyu daga can, da soja ɗaya. Sanƙira ya zagaya, muka taru a ƙofar maigari. Suka ce gwamnati ta san fari ya cinye damina, taimako yana tafe, amma ba zai ishi kowa ba. Don haka ana son kowane gari ya faɗi da bakinsa yadda zai riƙa kai labari in abu ya ɓaci, da yadda za a gane gidan da ke da ajiya da wanda ba shi da ita. Suka nanata cewa shawara suka zo nema, ba umarni suka kawo ba. To, shawara dai ce, amma sojan yana zaune bisa mota da bindiga a cinya, saboda haka kowa ya ba da tasa a taƙaice. Maganar kai labari ba ta yi wuya ba. Aka ce a buga ganga in an ga gobara ko ciwo ya shigo, kuma duk ranar kasuwar Urafan mai doki ya kai takarda biro, ofishin kwamanda. Mushe Iliya malamin lakwal, makarantar bokon garinmu, wanda aka ba rubutun komite, ya rubuta. Da aka zo kan gidajen da ba su da hatsi, sai kowa ya noƙe. Ka san mutanenmu, a yanka mutum ya fi masa sauƙi da ya tashi gaban surukansa ya ce rumbunsa wayam.

Ni ne na tashi, ni da bakin nan nawa da Inna ke cewa ba ya kwana da magana. Na ce ba sai an tozarta kowa ba, a bar mutane a dubi rumbuna. Rumbun da aka cire wa hula aka bar shi buɗe, mai shi ya gama, a rubuta gidansa. Wanda aka liƙe da laka kuwa akwai abu ciki, tun da ba mai liƙe iska. Dattawa suka ce madalla, mutanen kwamanda suka ce wannan dabara har wasu garuruwa za su kai ta. Wallahi na ji daɗi, kaina ya kumbura. Daga bayan zana, inda mata suke, Altine ungozoma ta ɗaga murya ta ce a bi turame a tambayi masu daka, su suka san abin da ke shiga tukunya. Na mayar mata da cewa in aka bi ta bakin mata, ko gidan sarki yunwa ake yi. Aka yi dariya, Mushe Iliya bai ko rubuta maganarta ba.

Washegari muka zagaya gida-gida. Rumbuna biyu nawa suna buɗe, aka rubuta ni da baki tara. Naka yana liƙe, laka sumul har da shatar hannunka, sai gidanka ya faɗa cikin masu ajiya. Ni na nuna musu shi, har ina yabonka, ina cewa ƙanena ya fi ni tattali. Ban yi mamaki ba, ai haka muka taso muka gani: mai gida ya auna wa iyali na rani, ya liƙe sauran sai ruwa ya sauka an shiga noma, mace kuma ba ta leƙa rumbun mijinta ko da za ta mutu. Kamiyo, babbar motar taimako, ya zo sau uku da jar dawa, da garin madara da mai na yara ƙanana. Matarka Zuhura ba ta samu ko tiya ɗaya ba, ba ta kuma ce uffan ba. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, kullum da safe ina jin taɓaryarta, ina cewa alhamdu lillahi gidan Abdussalamu ana daka. Ni wan miji ne, ba na shiga sashenta, in ta hango ni ma durƙusawa take ta kau da kai. Ina zan sani?

Altine ce ta tare ni a bakin rijiya tsakiyar watan jiya. Ba ta gaishe ni ba. Ta ce in je in ga abin da dabarata ta haifa. Na shiga, karo na farko tun bikinku. Abdussalamu, dusa da anza, 'ya'yan itacen dajin nan masu ɗaci, Zuhura ke dakawa. Abin da ka auna mata ya ƙare tun sanyi, waken gamanarta, 'yar gonar nan tata, ya bi baya, akuyarta da kwanonin jerenta duk sun tafi kasuwar Maijirgi. Babbar ɗiyarka, Binta, ta rame amma tana tafiya. Habsatu kuwa ƙafafunta sun kumbura, gashinta ya yi ja, ko kuka ba ta yi. Na tambayi Zuhura ta bakin Mariyama me ya hana ta magana. Ta ce mai gida ya ce kada a taɓa rumbu sai damina, kuma wadda mijinta ya bar mata rumbu cike ba ta da fuskar miƙa ƙwarya. Na so in yi faɗa, na rasa wanda zan yi da shi.

Daga ranar muka riƙa raba tukunyarmu da su. Sai dai jar dawa ba ta zama a cikin yarinyar, madara take buƙata, ni kuwa ba a ba ni madara don yarana sun wuce shekarun. Na je wurin Mushe Iliya. Ya ce cikin ladabi, dokar tawa ce, takarda ta riga ta tafi Tasawa da hatimi, kuma ba a sake suna sai an buɗe rumbu gaban shaidu an ga babu. In kuma akwai, ai sai a sayar da dami a sayi madara. Na je wurin maigari, ya ce tun kakanninsa ba a taɓa fasa rumbun mutum yana raye ba da izininsa ba, in aka soma yau gobe ba wanda zai iya fita cin rani. Ya ce in nemi kalmarka. Na ba direban da ke zuwa Agadas saƙo, na sake ba wani. Ban sani ba ko sun iske ka. Kwana goma sha tara na jira, ni da nake ganin ƙafafun yarinyar kullum. Wannan jiran ba zan ɗora shi a kan maigari ba, gatari yana ɗakina duk kwanakin nan.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na kira liman da maigari da Mushe Iliya, na ce su tsaya shaida, laifin a wuyana. Rabin gari ya biyo su. Na hau na fasa lakar na leƙa. Kara ne da ƙaiƙayi, sai gora ɗaya na iri a gindi. Na daɗe kaina yana ciki, don ban san da wace fuska zan juyo ba. Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya zage ka. Kafin la'asar mutum huɗu suka zo wurin Mushe Iliya a ɓoye suka ce a je a dubi nasu rumbunan su ma. Ashe ba kai kaɗai ba ne. Na san abin da ya sa ka yi, ni ma ɗan gidan nan ne: ka ba Zuhura duk abin da gona ta bayar, ka liƙe wofi don kada iyayenta su zo su ɗauke ta, kada a ce ɗan Malam Mamudu ya gudu ya bar gida fanko, kana sa ran ka dawo da buhu kafin kowa ya sani. Amma barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, ƙanena. Yanzu komite ta soke dabarata. Altine da mata uku ke zagayawa duk Litinin suna buɗe tukwane, abin da suka faɗa shi mai doki ke kaiwa.

An sa sunan gidanka ranar Asabar, baki uku. Habsatu ta rasu ranar Talata da hantsi, a cinyar uwarta. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni na ɗauke ta, ba ta kai nauyin dami ba. Mun sa ta kusa da Baba, jiya aka yi sadakar bakwai. Allah Ya sa mai ceto ce, Ya ba ka haƙuri. Kamiyo ya zo ranar Alhamis, kwana biyu bayanta. Aka auna wa Zuhura na baki uku da gwangwanin madara, ta ce a rage na ɗaya, ta mayar da madarar a ba mai rai.

Ban rubuto don in ɗora maka kaya kai kaɗai ba. Kai ka liƙe, ni na ce a ƙidaya liƙaƙƙe, Allah Ya yafe mana mu duka. Irin yana nan na adana maka, in ruwa ya sauka ba ka zo ba zan shuka gonarka. Inna tana yi maka gaisuwar rashi, ta ce ka zo ko da hannu rabbana ne. Mariyama da Binta suna gaishe ka, haka liman da Mushe Iliya. Ka gaishe mini da Ɗan Baba da Mahaman na gidan Kawu, ka ce musu su rubuto wa matansu gaskiyar abin da suka bari.

Zuhura ba ta yi yaji ba, ba ta ɗaga murya ba, kullum tana share sashenta tana kai wa Inna ruwa. Da Mariyama ta gaya mata zan yi maka takarda, ba ta ba da gaisuwa ba. Abu ɗaya ta ce a tambaye ka: ranar da ka ce mata kada ta taɓa rumbu sai damina, kana riƙe da Habsatu a kafaɗa, ka san babu komai a ciki? Na ce zan tambaye ka. To, na tambaye ka. Amsar ba tawa ba ce, ita za ka kawo wa.

Wassalam. Ni ne wanka,
Bawa Mamudu.