Ƙafar Baba da Injin Wanki

Assalamu alaikum Yaya Modu,

Da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya aiki, ya zaman Fatakwal? Mu nan Gashuwa lafiya lau.

Injin wankin motar da ka aiko yana aiki sosai. Ranar Talata ina wanke wata a-kori-kura ta garin Jakusko, sai Baba ya zo kallo. Da aka kira azahar ya cire takalmi ya miƙo ƙafa: "Fesa min, Bukar, kafin in yi alwala." Ya ɗauka irin ruwan injinmu na ban ruwa a fadama ne, bai san ƙarfin wannan ba.

Ka san ciwon sugarsa, rauni ba ya warkewa da wuri. Amma ta yaya zan ce masa a'a a gaban mutane? Na ce, "Baba, bari in gwada tukuna." Na saita bakin bututun fesawar a kan wani tubalin ƙasa, na matsa. Nan take tubalin ya rabe biyu.

Baba ya janye ƙafarsa a hankali, ya ce, "Miƙo min buta."

Yanzu shi ke korar masu silifa daga wurin, kada ruwan ya ji musu ciwo a ƙafa.

A sa mu a addu'a. Baba na gaishe ka, da ƙafafunsa biyu lafiya.

Ƙaninka,
Bukar