Kada Ka Biya Kuɗin Jif Ɗin Nan

Yaya,

Na tafi aiki kana barci. Don Allah kada ka biya kuɗin ƙaramar jif ɗin nan yau.

Jiya da yamma na koma wurin dillalin tare da makanikin ofishinmu. Makanikin ya fara duba agogon motar: yana nuna sha biyu, alhali ƙarfe biyar ta yi. Ya ce motar mai batir biyu ce, an cire kan ƙaramin ne don wutar gargaɗi ta ɗauke, shi ya sa agogon ya rikice. Muka hau tudu da ita, kafin minti ashirin wutar ta dawo. Babban batirin, mai taya injin aiki don a rage shan mai, ya kusa mutuwa. Kuɗin sabon batir ya kai rabin kuɗin motar.

Dillalin ya ce, "Hajiya, ai ko mutum yana tari." Na ce mai tari ba zai kai Mama wankin ƙoda sau uku a mako ba.

Na san ka yi masa alkawari. Ka janye, kunyar yini ɗaya ce. Katin bankin yana jakata, ka yi haƙuri ban tambaye ka ba. Ka ajiye faɗan sai na dawo.

Filin Baba ɗaya ne, Yaya, kuma mun riga mun sayar don sayen motar.

Ƙanwarka