Haruffa Masu Tumbi a Fostar Baba

Daga Yendi zuwa Bawku

Yaya Sidiku,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah takardar nan ta iske ka lafiya, kai da Anti Zaliha da yara, Ya kuma sa albarka a kasuwar shanu. Mu nan alhamdulillahi, ƙafar Mma ta yi sauƙi har tana fitowa ƙofar gida.

Yaya, hankalina a tashe yake, kuma a kan fostar addu'ar arba'in ɗin Baba ne. Ƙanwarmu Faridatu ta ce tunda ta buɗe shagon buga takardu, ita za ta yi. Ta kuwa yi, da wasu haruffa masu ƙiba, kowanne da tumbinsa, kamar an mulmula su da hannu, wannan ya karkata nan, wancan ya karkata can. Ban raina rubutun ba, daga tsallaken titi ana karanta shi. A allon mai sayar da yogot ko katin suna ko ƙofar makarantar yara, ba abin da ya fi shi. Amma sunan mamaci?

Ba wannan ne ya fi damuna ba. Irin rubutun nan ba shi da ƙa mai ƙugiya, don haka inda ta so ta ce muna maraba da baƙi, sai ya fito muna maraba da baki. Faridatu ta ce a unguwarmu ta zango wa ke duba ƙugiya. Kawu Sha'aban na Salaga yana dubawa! Ka tuna tun bikin 'yar'uwarmu Mubaraka, da wata ta ce mutanen Salaga ci kawai ke kawo su, bai sake taka gidan nan ba. Da ƙyar ya yarda zai zo addu'ar ranar Juma'a, kuma shi kaɗai ne ɗan'uwan Mma da ya rage. In ya sauko daga mota ya karanta wannan, wallahi juyawa zai yi. Na gwada ƙara ƙugiyar da alƙalami, tawada ta ƙi zama a kan ledar fostar.

Faridatu ta yarda ta buga wata, na je sauke ta farkon, Mma ta hana. Ka san ba ta karatun boko, amma ta ce haruffan nan Baba ne sak, gajeru, masu tumbi, suna dariya. Kowace safiya sai an kai mata kujera gabansu ta zauna.

Don Allah, Yaya, ka kira Kawu kafin Juma'a ka yi masa bayani, yana jin maganarka. Ni dai ba zan iya raba Mma da Baba karo na biyu ba.

Ka gaida Anti Zaliha, da Nasrullah, da Abida. Mma tana sa muku albarka.

Ƙanwarka,
Karimatu