Sunan da Inna Ba Ta Faɗa, Ta Rubuta Shi a Waya

Anti Uwani, assalamu alaikum. Ki taimake ni da shawara, kuma ki hanzarta, don mako uku ya rage mini. Na canza sunayen mutanen da ke cikin wasiƙar nan, za ki ga dalili.

"Malama, ki nemo mana matar nan kafin ranar rabon kyaututtuka. Ke da kika yi digiri biyu, neman mutum ɗaya a cikin waya ba zai gagare ki ba." Shugaban makarantarmu ke nan, Malam Jibrin, shekaranjiya a ofishinsa. Na ce to. Ban gaya masa na riga na samo ta ba, kuma ita ta haife ni.

Ni malamar Hausa ce a wata sakandaren 'yan mata kusa da Dala. Bara na gaji da karanta insha'i arba'in da takwas a kan "Yadda Na Yi Hutuna", hutu iri ɗaya, kuskure iri ɗaya. Sai na buɗe wa 'yan aji biyar shafin bulog. Kowace yarinya ta ari wayar gidansu, ta rubuta abu ɗaya da ta gani da idonta a unguwarsu, ta ɗora, sauran su yi sharhi a ƙasa. Abokan aikina suka ce hira da samari zan koya musu. Malam Jibrin ya ce in gwada, in ya lalace ba da saninsa ba ne. Yau yaran da ba sa cika rabin takarda suna rubuta shafi uku a kan marinar Ƙofar Mata, da hotuna, da sunan kowane zane. Ba zan ɓoye miki ba, ina alfahari da abin nan. Malam Jibrin ma yanzu "shafinmu" yake cewa.

A wata na uku wata mata ta fara sharhi da sunan 'Yardada. Ba ɗalibata ba ce. Ba ta sa aya, ba ta sa waƙafi. Amma Hausa, Anti! Wata yarinya, Hafsa, ta rubuta cewa kindirmo da tsala abu ɗaya ne. 'Yardada ta ce, "aa yarinya kindirmo da mansa tsala an kade an cire koma ki tambayi mai tallan". Hafsa ta koma ta tambaya, ta gyara. Yaran da in na yi musu jan biro sai su ƙunshe gyaɗa a takardar, yanzu ba sa ɗora komai sai sun tambaya sau biyu, don kada 'Yardada ta kama su.

Ni ma ta kama ni. Na rubuta musu misali a kan gidanmu na Ƙofar Ruwa, na ce lemun tsamin tsakar gida kakana ne ya dasa, don abin da na zata ke nan. Ta ce, "ba shi ba ne mace ce ta dasa ranar da ta dawo daga wanka da yar fari a baya". Na ɗauka wata tsohuwar maƙwabciya ce mai riƙe labarin gidan mutane. Muna da su da yawa, kuma duk sun sami waya.

Anti, ni ce 'yar farin. Mu Fulanin da suka daɗe a birni ne: shanu sun tafi, Fillanci ya tafi, kunya ta zauna. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" in ina kusa, "waccan" in ina nesa, "mai makaranta" in ta tashi da raha. Ana yaye ni kakata ta ɗauke ni. Ranar da na karɓi digiri ƙannena suka cika gida da guɗa, Inna ta dubi hular digirin ta tambaya ko ba ta da zafi. Na karanta wannan al'ada a jami'a, na rubuta jarrabawa a kanta, na ci da kyau. Cin jarrabawar bai rage mini komai ba.

Watan jiya ƙanwata ta haihu, aka yi suna a gidanmu. Gwaggo Mero, ƙanwar kakata ta wajen uwa, ta zo daga ƙauye. Ta haura tamanin, ba ta ji sosai, saboda haka ta ɗauka kowa ma ba ya ji. Ta ɗaga murya a tsakar gida: "'Yardada! Ke 'Yardada, cika min butar nan!" Inna ta miƙe. Ba ta dube ni ba, amma ta yi ta zuba ruwa har ya malalo a ƙafarta. Ashe sunanta ne na ƙuruciya, ban taɓa ji ba. Nan take komai ya haɗu: tsohuwar wayata da na ba ta, da shafin a ajiye a ciki, ajin yaƙi da jahilci da ta shiga shekarar da soja suka miƙa mulki, muna ta tsokanarta, da tabarau da ta sa aka sayo mata wai don tsintar shinkafa.

Na koma na karanta sharhinta duka, ɗari da goma sha ɗaya. A watan azumi ta rubuta wa yaran, "malamarku ta iya aiki Allah ya yi mata albarka", sannan ta rubuta sunana. Sunan yanka, cikakke, da babban baƙi a farko, daga matar da har yau ba ta gano inda aya take a waya ba. Kin san amsar da na ba ta a lokacin? "Amin, mun gode, Hajiya."

Yanzu Malam Jibrin yana so a kira ta kan dandamali a ba ta kyauta a gaban iyaye. Ya kuma ce dole makaranta ta san wace babba ce take magana da yaranmu. Yaran ma sun kafa nasu kwamitin bincike. In na faɗa, na san Inna: wayar za ta koma ƙasan akwati, ba za ta ƙara rubuta harafi ɗaya ba, ni da yaran mu rasa ta tare. In na yi shiru, na ɓoye wa shugabana gaskiya, ita kuma ta yi aiki wani ya sha yabo. Kuma akwai son kai a ciki, na yarda. Ina so in tsaya a gaban iyayen yara in ce wannan uwata ce. Ina so ta san na sani.

Jiya na je da niyyar faɗa mata. Na same ta a gindin lemun tana tsintar shinkafa da tabarau, gefen wayar ya leƙo daga ƙarƙashin tabarma. Na ce, "Inna, lemun nan ya yi 'ya'ya bana." Ta ce, "Yana ƙoƙari." Can ta ƙara da cewa, "Ke, in za ki fita ki ja ƙofar, akuyar gidan Nata'ala tana shigowa." Na ja ƙofar na tafi. Me zan yi?

'Yar fari, daga cikin birni.

Amsa:

Wa alaikumus salam, 'Yar fari. Na karanta wasiƙarki sau biyu, na farko da dariya, na biyu da bakin mayafi a ido.

Bari in fara da abin da digiri biyu suka kasa gani. Kin ce kina so ta san kin sani. Ta sani. Matar da ta zaɓi sunan ƙuruciyarta, ta kuma gyara miki tarihin bishiyar da ke tsakar gidanku, ba ɓuya take yi miki ba. Mutane take ɓuyar wa. Kuma da ta ce "yana ƙoƙari", ina tabbatar miki ba lemu take nufi ba. Shekara da shekaru tana da maganar da bakinta ba zai iya ɗauka ba, sai ga shi kin buɗe wani fili don ɗalibanki, ta ga ita ma zai ɗauke ta. Kin koyar da yara arba'in da takwas, ashe da ta arba'in da tara a bayan aji.

Don haka kada ki kai ta dandamali. Abin da kike kira girmamawa, a wurinta tsirara ce a bainar jama'a. Za ki sami tafi na minti biyu ki rasa ta a shafin har abada.

Amma Malam Jibrin bai yi laifi ba. 'Yan mata ne a hannunku, kuma haƙƙinsa ne ya san babu wani mai mugun nufi da ya laɓe a bayan sunan tsohuwa. Ki je ki same shi ba tare da ƙarya ba. Ki ce kin gano ta, dattijuwa ce da kika sani ido da ido, kin tsaya mata, kuma fitowa gaban jama'a ba ɗabi'arta ba ce. In ya matsa sai ya ji suna, ki faɗa masa shi kaɗai, bisa amana. Mutumin cikin birni ne, shi ma yana da uwa, ba sai kin yi masa lacca a kan kunya ba. Daga yanzu kuma duk baƙon da zai yi sharhi, ki riƙa dubawa kafin ya fito.

Kwamitin binciken yara kuwa, ki rushe shi a cikin aji, ki mayar da shi darasi. Su koyi cewa wanda ya sakaya sunansa yana yin alheri, ba a bin sawunsa. Wannan ma ilimin waya ne, kuma ya fi sa waƙafi wuya. In suna son godiya, kowacce ta rubuta mata a shafin, inda za ta karanta da tabaraunta ba mai kallonta.

Kyautar fa? Ku buga rubutun yaran a ɗan littafi, da gyare-gyaren 'Yardada a ƙarƙashin kowanne, yadda ta rubuta su, kada ki sa mata aya ko ɗaya. A ranar taro a ambaci sunan da ta zaɓa, a tafa. Ki kai kwafi ɗaya gida ki ajiye a gefen tabarma, ki ce aikin yaranki ne, ki tashi ki nemi abin yi a kicin.

Sai son kan da kika ambata. Ba laifi ba ne 'ya ta so jin yabo daga bakin uwa, kuma ba zan ce miki kunyar nan ba ta da ciwo ba. Tana da shi, ku biyu kuka sha. Amma na lura da yadda kike rubutu, in magana ta zo kusa da zuciya sai ki kauce da barkwanci. Ba a jami'a kika koyi wannan ba. Ki yi mata magana ta hanyar da ta buɗe. Kina da bashin amsa tun watan azumi, "mun gode, Hajiya" ba amsa ba ce. Ki koma ƙarƙashin sharhin lemun ki tambayi 'Yardada: wace ce matar da ta dasa, me ya sa lemu, wa ya riƙa ba shi ruwa bayan an ɗauke yarinyar? Inna ba za ta amsa ba. 'Yardada za ta amsa.

Allah ya ƙara wa shafinku albarka, ya ja kwanan mai dashe, ya sa lemun ya ci gaba da ƙoƙari. In kuma wata dattijuwa mai tabarau a Ƙofar Ruwa tana karanta wannan fili, to ni ban san ta ba, ban kuma ji labarinta ba. Gaisuwa kawai nake yi.

Anti Uwani